Il pirata: faifan Callas ko na Caballé?

Wannan opera (wasan kwaikwayo cikin waƙa) ta Bellini an fara yin ta a gidan wasan La Scala na Milan a 1827, amma yanzu da kyar ka ji an sa ta, don muryar da ya rubuta wa mawaƙi Rubini, jarumin wasan a lokacin, ta yi sama da yawa, mawaƙa maza gudunta suke.

Na Maria Callas an ɗauke shi kai tsaye ne a Carnegie Hall ta New York a 1959, Rescigno ke jan makaɗa. Sautin tsoho ne, ga tafi ga hayaniya, an kuma yanke wurare da dama. Amma wallahi in ta kai ƙarshe inda Imogene, jarumar labarin da take fitowa a matsayinta, ta haukace, yadda take sauke murya ƙasa-ƙasa sannan ta ɓarke da ita, sai tsigar jikinka ta tashi.

Na Montserrat Caballé kuwa na situdiyo ne, na kamfanin EMI, 1970, Gavazzeni ya jagoranta, sauti tas kuma ya fi cika, ga kuma mawaƙi Cappuccilli a ciki. Muryarta laushi kamar auduga. Mijinta Bernabé Martí, wanda ya rera ɓangaren Rubini, dai ya yi ƙoƙari, amma kana jin yana fama.

Sabon shiga ya fara da Caballé. Ni kam Callas nake maimaitawa.