Ruwan Kashe Tsatsa da Na Gwada a Jikin Tsohuwar Fijo 504

Motar da nake gyarawa a gida Fijo 504 ce, irin wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar PAN ta Kaduna, kuma mahaifina ne ya bar mini ita bayan ta shafe shekaru a ajiye ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Injinta bai ba ni wahala ba, amma da na ɗaga shimfiɗar ƙasa sai na tarar tsatsa ta ci daɓen mazaunin direba, da ƙasan but, da wurin ajiye batir, inda ruwan batir ya daɗe yana ɗiga. Wannan ne ya sa na sayi ruwan kashe tsatsa mai ɗauke da asid na fosforik a kasuwar Panteka, kuma shi ne abin da nake son yin bayani a kansa.

Aikinsa shi ne ya haɗu da jar tsatsa ya mayar da ita wani baƙin ɓawo mai tauri wanda fenti zai iya kamawa. A wurin batir da ƙasan but, inda tsatsar ba ta yi zurfi ba, ya cika alƙawarinsa sarai. Na kankare wurin da burushin waya, na bi da samfefa mai lamba 80, na goge maiƙo da tina, sannan na shafa ruwan da ƙaramin burushi. Kafin la'asar launin ya juya daga ja zuwa baƙi, washegari kuma na sa farce na kasa ɓamɓare shi. Damina guda ta wuce a kan wannan aiki, har yanzu ban ga fentin ya kumbura ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi faranta mini rai.

Inda tsatsa ta yi kauri kuwa, labarin daban ne. Ruwan yana aiki ne a kan abin da ya taɓa kawai, saboda haka idan aka bar ɓawon tsatsa mai kauri, samansa zai yi baƙi ya yi kyan gani alhali ƙasansa yana ci gaba da cin ƙarfe. Na yi wannan kuskure a cikin madigadin baya saboda gaggawa, dole na sake kankarewa har sai da farin ƙarfe ya bayyana. Daɓen direba ma da ya riga ya huje, babu ruwan da zai mayar masa da ƙarfen da ya tafi. Sai da na kira mai walda ya yanke wurin ya ɗora sabon falle.

Akwai abin da takardar jikin kwalbar ba ta jaddada yadda ya kamata ba, wato wanke ragowar asid bayan ya gama aiki. Idan ya bushe ya bar farin gari a kan ƙarfe, fentin shimfiɗa, wato wanda ake fara shafawa kafin fentin launi, ba ya kamawa da kyau, musamman irin na efoksi da ake haɗa kashi biyu. Ni na wanke da ruwa, na busar nan take, na shafa fentin shimfiɗa a ranar da na wanke, domin tsiraicin ƙarfe ba ya jimirin kwana a cikin raɓa. Safar hannu ta roba da tabarau wajibi ne, don ɗigo ɗaya a ido ba ƙaramar matsala ba ce.

Zan sake sayensa lokacin da na zo kan ƙofofi huɗun da suka rage, amma sai bayan hunturu, saboda ƙurar wannan lokaci tana sauka a kan ɗanyen fenti kafin ya sha iska.