Export Chat na WhatsApp a Gaban Kotun Ma'aikata: Inda Ta Yi Rana da Inda Ta Gaza

Yawancin rigingimun ma'aikaci da wurin aikinsa yanzu a WhatsApp suke barin sawu: umarnin aiki bayan an tashi, alƙawarin biyan bashin albashi, wani lokacin har sallama. Shi ya sa hanyar fitar da hira da manhajar ta tanada, wato Export chat, ta cancanci a duba ta da idon mai shirin zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Najeriya.

Kyauta ce, kuma ba wuya. A wayar Android, buɗe hirar, taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga More, sai Export chat. Za ta tambaye ka ko a haɗa da hotuna da sauti. In ban da su, tana fitar da saƙonni har 40,000 na baya-bayan nan. In da su, 10,000. Kowane layi yana ɗauke da rana, lokaci da sunan mai magana. A nan ta fi hoton allo nesa ba kusa ba, domin lauyan ɗaya ɓangaren ba zai samu bakin cewa an tsinci layi biyu an ɓoye sauran ba.

Babban rauninta shi ne abin da take ba ka fayil ne na rubutu zalla, wanda kowa zai iya buɗewa a kwamfuta ya sauya kalma ba tare da alama ba. Sunan da ke fitowa kuma shi ne wanda kai ka adana a wayarka. In ka rubuta "Oga", Oga zai fito, ba lambarsa ba, sai ka sake kawo hujjar cewa layin na manajan ne. Saƙon da aka goge wa kowa ba ya dawowa, kuma alamar shuɗin nan ta an karanta ba ta bin fayil ɗin. Masu kunna saƙonni masu ɓacewa bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90, su fitar da hira tun da wuri, gara ma su kashe tsarin ranar da rigima ta kunno kai. Tun 2025 kuma akwai Advanced Chat Privacy, wata kariyar sirri ta WhatsApp, wadda in an kunna ta a guruf ɗin ofis, fitarwar ba ta yiwuwa sam.

Saƙon murya yana fita a fayil daban. In da Hausa aka yi shi, a tanadi wanda zai rubuta ya fassara zuwa Turanci, tunda shi ne harshen kotu.

Sai Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya shafi hujjar da ta fito daga na'ura kamar waya ko kwamfuta. Yana neman bayanin na'urar da ta samar da takardar, da tabbacin tana aiki daidai a lokacin, galibi ta takardar shaida mai sa hannun wanda ke kula da ita. A shari'ar Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta yi watsi da shafukan intanet da aka buga saboda rashin cika wannan sharaɗi. Dokar Kotun Ma'aikata ta 2006 ta ba alƙali damar sassauta ƙa'idojin shaida don adalci, amma ban ga hikimar jingina ƙara a kan sassauci ba. A rubuta samfurin wayar, lambar layin da ranar fitarwa, a tura fayil ɗin kai tsaye zuwa imel ɗin lauya, sannan a ajiye wayar kanta: kar a sayar, kar a goge abin da ke cikinta, har sai an yanke hukunci.