Manyan faya-fayan ajiya na kamfanoni a kan ragi: abin da na gani bayan shekara guda

Hotunan iyali, bidiyon da nake ɗauka da takardun aiki na shekaru masu yawa sun taru har suka cika mini ƙananan faya-fayan ajiya guda biyar, kowanne da wayarsa, kowanne a aljihun tebur daban. Da na yanke shawarar tattara su cikin akwatin ajiya ɗaya da zai riƙa aiki dare da rana, sai na lissafa abin da sababbin faya-fayai masu terabait 18 za su ci, na ga abin ya fi ƙarfina. A nan ne na juya ga kasuwar faya-fayan da aka ƙera domin manyan cibiyoyin adana bayanai, waɗanda ake saki da ragi. Na sayi guda huɗu daga wani dillali a intanet da kuɗin da bai kai na sababbi uku ba, kuma yau sun shekara suna juyawa. Cinikin ya yi kyau, ban yi nadamarsa ba. Sai dai na fahimci cewa ragin yana da dalili: aikin gwaji da kasadar da kamfani ya saba ɗauka ne aka sauke wa mai saye, aka rage masa kuɗi a madadinsu.

Kayan kansu ba su da abin kushewa. Sunaye uku ne suka mamaye wannan fage, wato Exos na Seagate, da Ultrastar na Western Digital, wanda ya gada daga kamfanin HGST bayan ya saye shi a 2012, sai kuma jerin MG na Toshiba. An ƙera su ne don su yi aiki ba hutu a cikin akwatunan da ake jera faya-fayai masu yawa, inda girgizar kowanne ke taɓa na kusa da shi. Takardun masu ƙera su suna nuna za su jure karatu da rubutu na terabait 550 a shekara, alhali faifan kwamfutar tebur an yi masa iyaka a wajen terabait 55, yawancin na akwatin ajiyar gida kuwa 180. Suna juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, kuma manya daga cikinsu an cika su da iskar hiliyam an like, fasahar da HGST ya fara fitarwa a 2013 da faifai mai terabait 6. Da yake hiliyam ya fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi ƙwarai, farantan da ke ciki ba sa gamuwa da turjiya mai yawa, shi ya sa ake iya cusa tara ko goma a gida ɗaya ba tare da wutar da suke sha ta yi yawa ba. Sabo daga cikinsu yakan zo da garantin shekara biyar, kuma wannan garanti shi ne abu na farko da ragin ke cinyewa.

Inda mai saye ya fi buƙatar buɗe ido shi ne wajen gane irin kayan da ake tallata masa, domin abubuwa mabambanta ne ake haɗawa ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai faifan da aka mayar wa kamfanin da ya ƙera shi, ya duba shi, ya manna masa sabuwar takarda, ya mayar da lissafin awanninsa zuwa sifiri. Irin wannan na saya. Sifirin nan ba ya nufin faifan sabo ne, kuma ba yaudara ba ce matuƙar an gaya maka gaskiya tun farko. Akwai kuma na hannu zalla, wanda aka ciro daga wata cibiya bayan ya yi shekara uku ko biyar yana aiki, dillali ya goge shi ya gwada da kansa. Wannan ya fi araha, kuma dillalin kirki zai rubuta maka awannin da ya yi. Har ila yau akwai sabon da ba a taɓa kunnawa ba, amma asalinsa an sayar wa masu haɗa manyan kwamfutoci ne, saboda haka idan ka sa lambarsa a shafin kamfanin da ya ƙera shi za a ce maka babu garanti a kansa, ka koma wurin wanda ya sayar maka. A duk ukun, abin da kake riƙe da shi a hannu alkawarin dillali ne. Nawa ya ba da shekara biyu a rubuce, kuma saboda wannan ne na zaɓe shi a kan wani da ya fi shi sauƙin kuɗi amma ya tsaya a kwana casa'in.

Wannan taka-tsantsan ba tsoro ne na banza ba. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Jamus, heise, ta ba da rahoton masu saye da dama da aka sayar wa faya-fayan Exos a matsayin sababbi, alhali sun yi dubban awanni suna aiki, an goge lissafin SMART ɗinsu, wato bayanan lafiya da awannin aiki da faifai ke ajiyewa a cikinsa, don kada a gane. Seagate ya ce kayan ba ta hannunsa suka shiga kasuwa ba, kuma an fi kyautata zaton sun fito ne daga wuraren haƙar kuɗin intanet na Chia, wanda ya jawo rububin manyan faya-fayai a 2021. Abin da ya tona asirin shi ne wani lissafi na biyu mai suna FARM da faya-fayan Seagate ke ajiyewa, wanda masu gogewar ba su taɓa ba. Manhajar smartctl tana iya karanta shi tun daga fitowa ta 7.4, don haka duk wanda ya sayi irin wannan faifai da sunan sabo ya kamata ya kwatanta awannin da lissafin biyu suka nuna.

Kayana sun iso cikin kwali mai kauri, kowane faifai a cikin ledarsa a like, an zaunar da shi cikin soso mai tauri da aka yanke daidai jikinsa, babu wanda ke taɓa ɗan'uwansa. Na girgiza kwalin kafin in buɗe, ban ji motsin komai ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin faifan da ya sha bugu a hanya yana iya tashi lafiya ya kuma mutu bayan mako biyu, kuma yadda dillali ke naɗe kaya yana nuna ko ya san abin da yake sayarwa.

Da na jona su, biyu suka tashi, biyu suka yi shiru kamar babu wuta. Laifin ba nasu ba ne. Wasu faya-fayan kamfanoni suna da wani tsari da ke ba cibiya damar kashe faifai ta sake kunna shi daga nesa, ta hanyar fil na uku a mahaɗar wuta. Tsofaffin na'urorin ba wa kwamfuta wuta suna tura bolt 3.3 zuwa wannan fil a kowane lokaci, faifan kuwa yana ɗaukar hakan a matsayin umarnin ya kwanta. Biyun da suka tashi suna kan wata wayar canji ce da ba ta ɗauke da wannan layi. Na yanko ɗan siririn salatif mai jure zafi, wanda faɗinsa bai wuce na tsinken ashana ba, na ƙirga fil uku daga gefen da ke kusa da mahaɗar wayar bayanai, na rufe na ukun, na danne shi da bakin farce. Da na mayar da waya na kunna, sai na ji wannan gurnani mai hawa a hankali na farantai suna ɗaukar gudu. A nan ina ganin dillalin ya gaza, domin layi ɗaya a shafin kayan zai ishe shi ya faɗakar da mai saye, kuma na tabbata akwai waɗanda suka mayar da lafiyayyen faifai suna zaton matacce ne.

Ban zuba musu ko fayil ɗaya ba sai da na gwada su, kuma gwajin ya ci kwanaki fiye da yadda na yi tsammani. Faifai mai terabait 18 yana ɗaukar kimanin yini da kwana kafin a karance shi daga farko zuwa ƙarshe sau ɗaya, saboda gudunsa yana raguwa yayin da ake matsawa zuwa tsakiyar farantai. Na fara da dogon gwajin SMART, sannan na sa manhajar badblocks, wadda ke rubuta salo huɗu daban-daban a kan dukan faifan tana karanta kowanne, wato zagaye takwas ke nan, sama da mako guda. A faifai mai wannan girma sai an ɗaga girman tubalin da take ƙirgawa da shi zuwa 8192, in ba haka ba za ta ƙi farawa. Lambobin da na zuba wa ido a lissafin SMART su ne 5, 187, 188, 197 da 198, waɗanda kamfanin Backblaze, mai wallafa ƙididdigar mutuwar faya-fayansa tun 2013, ya ce da su yake gane faifan da ya kama hanyar lalacewa.

A rana ta biyar ɗaya daga cikin huɗun ya nuna alama. Lamba ta 197, mai ƙirga guraben da faifai ya kasa karantawa yana jiran ya yanke musu hukunci, ta tashi daga sifiri zuwa 8, washegari kuma lamba ta 5, mai ƙirga guraben da suka lalace faifai ya maye gurbinsu, ta fara hawa. Faifan bai yi wata ƙara ba, bai tsaya ba, kuma da na zuba masa hotuna tun ranar farko da ban san komai ba sai bayan watanni. Na aika wa dillalin hoton sakamakon da lambar faifan. Ya amsa bayan kwana biyu ba tare da jayayya ba, ya ce in mayar, kuma madadin ya iso cikin irin naɗin farko, ya wuce gwajin lafiya lau. Kuɗin mayarwar daga aljihuna ya fita, abin da sharuɗɗan ba su fayyace ba. Wani abin da ban ji daɗinsa ba shi ne lambobin faya-fayan huɗu sun kusan biyo juna, alamar daga tari ɗaya suka fito, kuma kayan da suka yi rayuwa iri ɗaya suna iya gajiya a lokaci ɗaya. Da zan sake saye, da na raba odar gida biyu da tazarar wata guda.

Akwai tarko biyu da ban faɗa ciki ba amma na ga yadda suke da sauƙin kama mutum, domin su ne suka fi kowane araha a jerin kaya. Faifai mai mahaɗar SAS ba ya aiki a kan mahaɗar SATA ta kwamfutar gida, sai an sayi kati na musamman, kuma wasu da aka ciro daga manyan na'urorin ajiya suna zuwa da gurbi mai bait 520 a maimakon 512, sai an sake tsara su kafin kwamfuta ta karɓa. Na biyun shi ne faifai mai salon rubutu na SMR, wato mai ɗora layukan rubutu a kan gefen juna, irin wanda kwamfutar ce ke kula da jerin rubutunsa, wanda ba zai yi aiki a akwatin gida na yau da kullum ba. Abin nema shi ne SATA mai salon CMR, wato salon da aka saba wanda layukan rubutunsa ba sa hawa juna, kuma a tabbatar da haka daga lambar samfurin a takardar kamfanin da ya ƙera shi, ba daga taken talla ba.

Zama da su a gida yana da nasa sharaɗi. Ba a ƙera su don ɗaki mai shiru ba. Ko ba sa aikin komai akwai wani ɗan bugu da ake ji lokaci-lokaci, idan kuma ana kwafar manyan fayiloli sai ka ji kamar ana ƙwanƙwasa katako daga ciki, kuma idan akwatin yana kan tebur girgizar tana bin katakon. Na mayar da shi ƙasa a kan tabarmar roba, nesa da wurin kwana, abin ya yi sauƙi. Kowanne yana shan wajen wat 5 idan yana zaune, ya kusan ninka haka idan aiki ya yi yawa, amma lokacin tashi ne suka fi jan wuta, don haka na'urar wuta mai rauni tana iya kasa tayar da huɗu a tare. An yarda su yi aiki har zuwa digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, sai dai nawa sun kai 50 a makon gwaji kafin in sa fanka a gabansu, bayan haka ba su ƙara wuce 40 ba. Ramukan noti ma sun bambanta da na tsofaffin faya-fayai, na tsakiya babu shi, don haka wasu tirelolin akwati ba sa kamawa daidai. Kwamfuta kuma za ta nuna 16.4 a maimakon 18, wannan bambancin salon ƙirga ne kawai, ba a rage maka komai ba.

Girman da ya ja ni gare su shi ne kuma babban abin damuwata. Idan faifai ɗaya ya mutu, sake gina abin da ke kansa daga sauran yana iya cin kwana ɗaya ko biyu ana karanta su ba ƙaƙƙautawa, kuma a wannan lokaci ne na biyu ya fi iya faɗuwa. Saboda haka na haɗa su da tsarin ajiyar fayiloli na ZFS a salon RAIDZ2, wanda ke jure mutuwar biyu a lokaci ɗaya. Wannan ya bar mini rabin wurin kawai, terabait 36 daga cikin 72, kuma duk wanda ke lissafin ribar ragin ya kamata ya yi shi a kan wannan adadi. Hotuna da takardun da ba su da madadi suna da kwafi na dabam a wani faifai da ba ya zama a gida ɗaya da akwatin, domin haɗin faya-fayai ba ya kare mutum daga gobara, sata ko goge fayil bisa kuskure.

Ga mai buƙatar terabait biyu ko huɗu, ko wanda zai dogara da faifai ɗaya tilo, ban ba da shawarar wannan kasuwa ba. Sabon ƙaramin faifai mai cikakken garanti ya fi masa kwanciyar hankali. Ga mai tarin bayanai da zai iya haƙurin mako biyu na gwaji kuma ya sayi abin da ya wuce buƙatarsa, kayan sun cancanci kuɗinsu. A farkon kowane wata akwatin yana bin dukan bayanan yana tantance su, ni kuma ina duba lambobin nan biyar, har yanzu suna kan sifiri a duka faya-fayan huɗu. Saura shekara guda garantin dillalin ya ƙare, kuma kafin lokacin zan sayi faifai na biyar daga wani tari daban, in gwada shi kamar sauran, in mayar da shi cikin ledarsa in ajiye a gefe.