Masu safiyon da suka hana ni sayen fegi a kan hanyar ruwa

Salamu alaikum jama'a. Tun bayan sallah nake son in yi bayani a kan wani ofishin masu safiyo da tsara filaye da na yi hulɗa da su nan cikin garin Katsina, saboda abokan aiki na ta tambayata wai ko kuɗin da na biya su ya yi rana. Ba zan kama sunansu ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi a kansu, amma duk mai neman fegi a bayan gari ina ganin labarin zai yi mashi amfani.

Ni malamin makaranta ne, shekara tara ina gidan haya, da adashi da ɗan abin da na samu na gadon gona na haɗa kuɗin fegi. Wani dillali ya kai ni can gaba da hanyar Batagarawa, gona ce aka yanka awon igiya, ƙafa 50 da 100, kuma farashin ya yi sauƙi sosai in ka gwada da na kusa da titi. Watan Maris ne, wuri ya bushe ƙayau, yashi fari tas shimfiɗe kamar an share, wallahi har na fara ƙissima inda zan sa ƙofar zaure. Yayana ne ya ce kada in ba da ko sisi sai mai safiyo ya taka wurin, shi ya haɗa ni da su.

Ranar da muka je, mutumin ya zo shi da yaronsa ɗauke da na'urar nan ta GPS mai ƙafa uku, amma bai ko buɗe jakar ba sai da ya zagaye wurin da ƙafa kusan rabin awa, ni da dillali muna tsaye ƙarƙashin wani gawo muna kallonsa. Can sai ya duƙa ya ɗebo yashi a tafin hannu ya murza, ya kira ni ya ce, "Malam zo ka gani, wannan yashin ba iska ta kawo shi ba, ruwa ne ya wanke shi ya aje." Ya ja ni zuwa wani kurmin sabara a gefen fegin, ya nuna mani ledoji da tsummokara da kara da suka maƙale jikin rassan daidai tsayin gwiwata, kuma duk sun kwanta gefe guda. Ya ce nan ruwa ke kaiwa in damina ta yi nisa, ga kuma inda yake dosa. Dillali ya ce haba Injiniya, ai iska ce ta hunturu, mutumin bai yi gardama da shi ba sai ya buɗe hoton tauraron ɗan adam a wayarsa, na shekaru daban-daban, a kowanne kana ganin wani baƙin zare ya ratsa gonar ta tsakiyar fegin da aka nuna mani. Wani dattijo da ya zo wucewa da jaki muka gaisa, Injiniya ya ce Baba don Allah ruwa na bi ta nan, ya ce tun yana yaro ƙorama ce, ko gero ba a shukawa daidai nan.

Wannan kaɗai ya isa kuɗina ya fita. Amma abin da ya ƙara burge ni shi ne bai tsaya kan fegina ni kaɗai ba, unguwar gaba ɗaya yake kallo da yadda za ta kasance nan da shekara ashirin. Ya sa yaron ya ja tef a layin da aka bari a matsayin hanya, ya ce in Keke Napep biyu suka haɗu sai ɗaya ya koma da baya, tau ina za a haƙa lambatu, ta ina motar kashe gobara ko tankar ruwa za ta shigo. A duk yankan nan ba a ware wurin firamare ba, ba wurin asibiti, ba maƙabarta, don mai gona so yake kowane taku ya zama kuɗi. Ya ce matsalar awon igiya kenan, yau kana murnar araha, gobe in gari ya iso gwamnati na son fitar da titi sai an rushe gidajen mutane.

Kuma gaskiyarsa ce, mu da aka haifa cikin ganuwa mun gani da idonmu. Tun da aka cire Katsina daga tsohuwar jihar Kaduna a 1987 ta zama babban birnin jiha, garin bai tsaya ba. Da ƙuruciyarmu in ka fita Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya ka ɗan yi gaba gonaki ne, yanzu kau Batagarawa da Dandagoro da Shinkafi duk sun kusa haɗewa da gari, hanyar Dutsinma ta cika tun da aka yi jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga ring road, ga Barhim, ga Kwaɗo. Kududdufan da aka ɗebi ƙasar ginin gidajen kakanninmu, su ne ke shanye ruwan sama a cikin gari, da yawa an cike su da bola an yi shaguna da gidaje a kai, shi ruwa kuma dole ya nemi hanyar zuwa ƙoramar Ginzo ko ta cikin ɗakin wa zai bi. Ni har yanzu ban manta da ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ba, dare ɗaya mutum sama da 40 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Shi ya sa da ya nuna mani ledojin nan jikina ya yi sanyi.

Fegi na biyu da aka nuna mana ya yi kusa da manyan turakun wutar lantarki, ya ce irin wannan layin mai ƙarfin kilovolt 132 ana barin mita 15 kowane gefe ba gini, rabin fegin kuma na ciki. Muka bar shi. Na uku shi ya amince da shi, yana kan tudu, hanyar gabansa mai faɗi ce, kuma yana cikin shimfiɗar da hukumar tsara birane ta san da ita. Ya fi na farko tsada nesa ba kusa ba, sai da na ƙara jiran ɗaukar adashi.

A ofis ya zaunar da ni ya yi mani bayanin takardu, abin da dillalai ba su taɓa gaya maka. A dokar filaye ta 1978 ƙasar cikin birni tana hannun gwamna ne a madadin jama'a, kai haƙƙin zama ake ba ka, takardar C of O, wato shaidar haƙƙin zaman da gwamnati ke bayarwa, ta gidan zama yawanci shekara 99 ce. Takardar cinikin da mai unguwa da shaidu suka sa hannu tana da amfaninta amma ba ita ce C of O ba. Kuma in aikin jama'a ya biyo ta wurin ana iya karɓe shi, diyyar da doka ta sani ta abin da ka gina ce ko ka shuka. Ya ba da misali da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda ya biyo ta Daura da Katsina da Jibiya, ya ce duk mai sayen fili a ɓangaren da irin wannan aiki ke bi ya fara tambaya kafin ya zuba kuɗi.

Sai kuma maganar rijiyar burtsatse, wadda ni ban taɓa kawowa a raina ba. Tunda ruwan famfo na Ajiwa ba ya kai wa sababbin unguwanni kowa haƙa tashi yake, ya ce ana son aƙalla mita 30 tsakanin burtsatse da ramin masai, tau fegi 50 da 100 tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ɗin ne da 'yan kai, ga na maƙwabci ta bayan katanga. Ya ba ni shawara in zauna da maƙwabta tun kafin kowa ya fara gini mu daidaita, masai duk su koma gefe guda, ko ma mu haɗa kuɗi mu yi burtsatse ɗaya. Ya kuma roƙe ni kada in sare ɗorawar da ke kusurwar fegin, har ya zana yadda gini zai kauce mata. Wannan ta taɓa ni, don duk inda aka yanka gona itatuwa ake fara kwantarwa, sai unguwa ta tashi fayau ba inuwa, iskar bazara ta zo tana yaye kwano.

Yanzu ɓangaren da ban ji daɗi ba. Sun ce mako ɗaya za su ba ni zanen fegin, sai da na yi kusan wata ina sintiri, ka kira waya ba a ɗauka, ka je ofis a ce Injiniya ya fita daji. Na gane aiki ya yi masu yawa su kaɗan ne, amma gara a gaya wa mutum gaskiyar lokaci tun farko. Farashi ma ba a rubuce yake ba, mun yi magana a kan naira dubu 60, daga baya aka ce kuɗin mai na zuwa fili sau uku daban yake, rasit kuma sai da na nema da bakina. Bikon (alamar iyakar fegi) ɗaya cikin huɗun da yaran suka kafa simintinsa bai ji ba, ya tsage cikin kwana kaɗan, da na yi magana dai sun zo sun sake shi ba su karɓi komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne rahoton duk da Turanci ne mai nauyi, ni na iya karantawa, amma yawancin masu sayen fegi 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu da mata masu juya kuɗin gado, me zai hana a yi shafi ɗaya da Hausa. Na gaya mashi haka, ya ce in sha Allah za su duba.

Duk da haka in za a sake, wurinsu zan koma, kuma na riga na tura mutum biyu. Shawarata ku yi cinikin komai a rubuce har da kuɗin mai da ranar karɓar zane, kuma ku je fili tare da su da kanku, don rabin amfanin a bakin mutumin yake lokacin da yake zagaye.

A watan Agusta bayan wani ruwan dare na hau mashin na koma wancan fegin na farko. Sabarar nan kanta kawai ake gani. Wani bawan Allah ya riga ya saya har ya kai gini linta, ruwa na shiga ta ƙofar zaure yana fita ta bayan gida, bulo wajen ɗari biyu da aka jibge a gefe sun jiƙe sun fara narkewa. Na tambayi wani yaro mai kiwo ko ya san mai wurin, ya ce direba ne, yana hanyar Legas bai dawo ba tukuna.