Arctic P12 PWM PST guda biyar: fankokin sun yi shiru, akwatin ne ya ƙi

Fankokin da ke zuwa da akwatin kwamfuta mai araha, irin waɗanda ake jonawa a Molex, wato soket ɗin da ke fitowa kai tsaye daga akwatin wutar kwamfuta, ba su san sassauci ba. Bolt 12 suke sha daga kunnawa har kashewa, ko injin na aiki ko yana zaune, kukan ɗaya ne. Su na cire na ɗaura fankokin Arctic P12, na kwalin nan mai guda biyar: uku a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya, ɗaya a sama ta can baya suna fitarwa.

Milimita 120 ce kowacce, mai fil huɗu, tana juyi daga 200 zuwa 1800 a minti. Kowace tana da jelar soket da za ka jona ta gaba a kai (shi ne PST ɗin da ke sunanta), kuma amfiya 0.08 take ja, wato biyar ɗin ba su kai rabin amfiya 1 da yawancin soket ɗin fanka na madabod, wato babban allon kwamfuta, ke ɗauka ba. Duk da haka gara a raba su layi biyu, na gaba daban, na fita daban. A juyi 700 sai ka kara kunne kafin ka san suna aiki. Nan kam sun burge ni, ba ƙarya.

Da aiki ya yi nauyi suka haura wajen juyi 1000, sai ga wani gurnani can ƙasa-ƙasa, wuu-wuu, yana zuwa yana komawa. Ba shi da ƙarfi, amma da dare ya fi tsohon kukan cin rai, don wancan kunne ya saba da shi, wannan kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kafin a zargi fanka, ga yadda ake gano mai laifi. A kwance ta a riƙe a hannu tana juyi a daidai wannan gudun. Tawa tsit. A mayar da ita, a dafa murfin sama da tafin hannu. Gurnanin ya mutu nan take, ina ɗaga hannu ya dawo. Ashe farantin akwatin ne siriri kamar gwangwanin madara, yana amsa girgizar fankar kamar fatar ganga, kuma kusoshi huɗun da aka ɗaure tamau su ne ke kai masa girgizar.

Maganin farko kusoshin roba ne, waɗanda ake zura wa ta rami a ja da filaya. Idan babu su, a sa ƙaramin zoben roba a wurin kowace ƙusa tsakanin fanka da ƙarfe, a ɗaure kusoshin a gicciye, kuma a tsaya da zarar fankar ta daina motsi. Ɗaurin da ya wuce haka yana lanƙwasa firam ɗin roba, ya ƙara ɓata lamarin. Shi kuwa zuwa da komawar sautin, daga fankoki biyu ne masu gudu kusan ɗaya amma ba daidai ba, sautinsu na karo da juna. Amfanin raba layin ke nan: na gaba su riƙa fin na baya da kamar juyi 150, sai karon ya ragu, kuma iskar shiga ta fi ta fita yawa, ƙura ta daina kutsowa ta ramukan da ba su da raga.

A BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, a tabbatar soket ɗin yana kan PWM, mai sarrafa gudu ta fil na huɗu, ba DC mai rage bolt ba. Ni na bar su a kashi 35 cikin ɗari na ƙarfinsu har zafin firosesa ya kai digiri 50, kashi 45 a digiri 65, sannan su tsallake wurin gurnanin da sauri zuwa kashi 70 a digiri 75. A ƙara jinkirin hawa da sauka, don zafin firosesa yana tsalle na daƙiƙa biyu ko da shafin intanet ka buɗe, ba dalili fanka ta riƙa binsa tana huci. Rage gudu da rabi yana sauke ƙara da kusan desibel 15, shi ya sa uku masu tafiyar hawainiya suka fi ɗaya mai gudun tsiya.

Sai dai fa haushina da akwatin bai ƙare ba. Gabansa gilashi ne, ƴar tsaga kawai aka bari a gefe, faɗinta bai kai yatsa ba. P12 an yi ta don tura iska ta wuri mai matsi, amma ba za ta jawo abin da aka toshe ba. Gwajin mai sauƙi ne: a cire murfin gaba ana cikin aiki mai nauyi, idan zafin katin hoto, wato katin da ke sarrafa hoton da ke fita a allo, ya faɗi da digiri biyar ko fiye, to kuɗin fanka kusan asara ne sai an sake akwati mai gaban raga. Abin da ya ɗan taimaka shi ne mayar da fankokin ta cikin firam, su samu tazarar milimita 25 daga gilashin, fukafukan su daina shan iska a maƙure.

Da hunturu ragar ƙura kan toshe cikin mako biyu, a wanke ta ta bushe sarai kafin a mayar. In za a hura da bulowa a danne fukafukan da yatsa kada su juya a banza su gajiyar da boris. Kuma a duba kibiyar gefen firam kafin ɗaurawa, iska tana fita ne ta ɓangaren da sandunan da ke riƙe da motar suke. Fankokin zan sake saya. Akwatin nan kuwa ko kyauta aka ba ni, a'a.