Mai marmarin Mario da Sonic a Maradi: wace na'ura zai saya?

Wasannin nan da ɗan mutum ke gudu daga hagu zuwa dama yana tsallake rami, irin Super Mario Bros na 1985, Sonic na 1991 da Prince of Persia na 1989, ba sa buƙatar na'ura mai ƙarfi. Abin da suke so maɓalli ne da ke amsawa nan take. Ka danna tsalle ya makara ko da ƙiftawar ido ne, ka faɗa rami. Da wannan nake auna komai.

Salula dai a ajiye ta gefe: yatsa a kan gilashi bai san inda maɓalli yake ba. Sandar nan da ake soka wa tele mai mariƙi maras waya, makara ce da ita, ga cin pil. Tsohuwar kwamfuta da DOSBox, manhajar da ke kunna tsoffin wasannin kwamfuta, tana buga Dangerous Dave da Commander Keen yadda suke a da, amma in batirinta ya gaji, da an ɗauke wuta shi ke nan. NES Classic, ƙaramar na'urar wasa ta haɗawa da tele da kamfanin Nintendo ya fitar a 2016 da wasa 30 kuwa an daina ƙera ta tuntuni, wanda ya ce maka yana da sabuwa mai wasa 620, kwaikwayo ce.

Ni wadda na riƙe ita ce ƴar ta hannu, Anbernic RG35XX. Fuskarta inci 3.5 ce, kuma siffarta irin ta tsohuwar tele, 4:3, don haka Mario ba ya yin faɗi kamar an zauna masa. Gicciyen juyawa na hagu yana da laushi, ba ya kuskure a Contra inda ake harbi a karkace. Tana shiga aljihun riga, ka buga a tashar mota kana jiran ta Yamai ta cika, in ka koma gida ka haɗa ta da tele da wayar HDMI yara su taru. Kana iya ajiye wasa daidai inda ka tsaya, abin da mu da can ba mu samu ba, sai dai a bar na'ura a kunne a tafi cin tuwo. Akwai wata ta hannu, R36S, ta fi ta araha, sai dai ita ce aka fi yi wa jabu.

To ga inda ake cutar mutane. Katin ajiya da ke zuwa cikin waɗannan na'urori yawanci ba shi da suna ba shi da ƙarko. Nawa ya mutu ana tsakiyar zafi, ya tafi da duk inda na kai a Sonic, mai shagon kuma ya ce shi na'ura ya sayar mini, ba kati ba. Saboda haka ranar da ka saya, ranar za ka kwafe komai a kwamfuta, ka nemi kati na SanDisk ko Samsung. Su ma akwai na ƙarya: an rubuta 64GB, ka zuba kaya ya wuce kaɗan sai na farko su lalace. Kada lissafin kwali ya ruɗe ka. Wasa 15,000 da ake rubutawa dabarar tsoffin kaset ce masu "999 a 1", wasa ɗaya a sake masa suna sau goma.

A babbar kasuwa ko a hannun mai kawo kaya daga Kano, kada ka biya kwali a rufe. A kunna, ka buga matakin farko na Mario har tuta, ka danna kowane maɓalli, ka soka caja ka ga tana sha. In ya ce batir ba caji, ka ce za ka jira.