Wata tara ina kai ɗana ajin tekwando a Unguwar Rimi

Tun bayan hutun babbar salla nake kai ɗana na biyu, mai shekara 11, wani kulob ɗin tekwando, wato wasan shuri da naushi na Koriya, da ke horar da yara a harabar wata makarantar kuɗi a Unguwar Rimi cikin garin Kaduna, kuma yanzu da muka shiga wata na tara ina ganin idona ya ga abin da ya isa in faɗi ra'ayina a kan wurin. Ba sha'awar wasan ce ta kai ni ba, halin yaron ne. Yana da saurin fushi da saurin kuka: idan aka ci su a ƙwallon layi sai ya ɗauke ƙwallonsa ya shige gida, idan lissafi ya gagare shi sai ya yage takardar ya jefar da biro. Da wani abokin aikina ya ba ni shawarar wannan kulob, mahaifiyar yaron ba ta yarda ba, domin a ganinta wanda ake fama da shi a kan faɗa ba a ƙara masa da koyon shuri. Ni ma a lokacin ban da amsar da zan ba ta.

Ana horo sau uku a mako, Alhamis da Juma'a bayan la'asar, ranakun da babu Islamiyya, sai kuma safiyar Asabar. Mai horarwar, wanda yara ke kira Masta, mutum ne mara yawan magana, mai baƙar ɗamara, wato alamar ƙwarewa a wasan, kuma da na nemi ganin shaidarsa bai ɓata rai ba, ya ɗauko mini takardar Kukkiwon, wato hedikwatar wasan da ke birnin Seoul na Koriya ta Kudu, wadda aka buɗe a 1972. Ina ba kowane uba shawarar ya nemi ganin irin wannan takarda kafin ya damƙa ɗansa, domin baƙar ɗamara ana samunta a kasuwa. Na kuma tambaye shi batun rusunawar da ake yi wa malami da abokin karawa, wadda ta tsaya mini a rai saboda kamarta da ruku'u. Ya ce a ajinsa yaro ya tsaya ƙyam ya ɗan sunkuyar da kai ya wadatar, kuma haka na ga ana yi har yau.

Watanni biyun farko babu wani abin burgewa a cikinsu. Gudu ne, da miƙa jijiya, da tsayuwa iri ɗaya har ƙafa ta soma rawa, da ƙirga da harshen Koriya, hana, dul, set, net, ana maimaita shuri guda sau hamsin a kowace ƙafa. Akwai jerin motsi da ake haddacewa kamar karatu, guda 8 ne da ake kira Taegeuk, kuma ba a ba yaro na biyu sai na farko ya zauna masa. Ɗana ya so ya daina a mako na uku, ya ce shi ba a koya masa komai. Abin da ya riƙe shi, in faɗi gaskiya, kuɗin farar rigar da na riga na biya ne, ba wata hikima tawa ba.

Ranar da na fahimci abin da nake biya wa kuɗi ita ce ranar karawarsa ta farko. An ɗaura masa sulken ƙirji da hular kwano, aka haɗa shi da wani yaro ɗan Barnawa wanda bai kai shi tsawo ba amma ya riga shi shiga da wata shida. Ba a yi daƙiƙa ashirin ba yaron nan ya zuba masa shuri biyu a sulke, ƙarar ta cika ɗakin. Ɗana ya manta duk abin da aka koya masa, ya rufe ido ya afka masa da kokawa, alƙali ya ce “kalyeo”, wato a rabu, shi kuwa bai ji ba. Da aka raba su sai ya cire hular ya buga ta da ƙasa, ya fashe da kuka, ya juyo yana neman idona. Na yunƙura zan tashi, sai Masta ya ɗaga mini hannu ya ce, “Alhaji, don Allah ka zauna, ka bar mini shi.” Bai daka masa tsawa ba. Ya ce ya ɗauko hular ya kakkaɓe ta, ya je ya ba abokin karawarsa hannu, sa'an nan ya zauna a gefen tabarma ya kalli karawa uku, ya ƙirga maki nawa kowane yaro ya yi asara saboda fushi. Da aka tashi sai ya tambaye shi lissafin a gaban kowa.

Sai daga baya na gane cewa dokar wasan ce da kanta ke yin rabin tarbiyyar. Naushi a sulke maki 1 ne, shuri a sulke maki 2, shuri a kai maki 3, idan kuma da juyi aka yi shurin sai makin ya ƙaru. Amma duk wanda ya riƙe abokin karawarsa, ko ya fita daga fili, ko ya kai hari bayan an ce a rabu, sai a yanke masa laifin da ake kira gam-jeom, a ba ɗayan maki kyauta. Yaro mai zafin zuciya yana ganin fushinsa na komawa maki a hannun wanda ya fi jin haushi, kuma wannan ya fi wa'azin awa guda shiga kansa. A damben gargajiya da muka taso muna kallo, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. A nan kuwa an doke ka, an rubuta, kuma saura minti ɗaya da rabi a turmin, dole ka haɗiye zafin ka sake ɗaga ƙafa. A ganina nan ne taurin zuciyar da ake faɗa yake fitowa, ba daga ihun da suke yi in za su kai shuri ba.

Masta yakan ba su labarin mutum biyu. Chika Chukwumerije ya je gasar Olamfik ta Atina a 2004 aka fitar da shi a karawar farko, ya koma ya yi shekara huɗu yana shiri, ya ciyo wa Nijeriya tagulla a Beijing a 2008. Na biyun shi ne Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar, wanda ya ci azurfa a Rio a 2016, lambar Olamfik ta farko da ƙasarsa ta samu tun 1972, sannan ya zama zakaran duniya a 2017. Na lura labarin Alfaga ya fi kama yaran namu, wataƙila don suna ganin maƙwabci ne daga Yamai.

A wata na biyar ɗana ya faɗi jarrabawar canjin ɗamara saboda ya rikice a tsakiyar jerin motsi ya tsaya cak, abokansa uku suka wuce shi. Na zaci shi ke nan. A cikin Keke Napep muna komawa gida bai ce uffan ba har muka wuce Kasuwar Barci, sai ya ce, “Baba, juyin hagun ne na manta.” Mako shida ya yi yana maimaita shi a tsakar gida bayan sallar asuba, ƙannensa na yi masa dariya, har ya ci a karo na biyu. Ba zan ce ya zama wani mutum dabam ba, har yanzu yakan yi faɗa da yayansa a kan rimot. Amma ya daina yage takarda, shi ke wanke rigarsa ya goge daren Laraba, kuma malamin ajinsu ya ce yanzu idan aka gyara masa kuskure yana tsayawa ya saurara. Wani abin da ya ƙara mini son wurin shi ne, a garin da tun rikicin 2000 kogi ya zama kamar iyakar inda kowa ke zama, a nan ɗan Tudun Wada ne ke ɗaure wa ɗan Sabon Tasha igiyar sulke ta baya, domin babu mai iya ɗaure nasa da kansa.

Kulob ɗin yana da nakasu, kuma wasu ba ƙanana ba ne. Tabarmar roba ba ta rufe rabin ɗakin ba, sauran siminti ne, na kuma ga yaro ya zame ya bugu a gwiwar hannu. Sulke da hula guda shida ne kacal ake karɓa-karɓa da su da gumin wani, abin da bai dace ba a lokacin zafi, don haka na saya wa ɗana robar haƙori da hularsa. Ranar Asabar yara kan haura talatin a hannun mutum ɗaya da wani babban ɗalibi, ƙananan sai su ɓata rabin lokacin suna jiran layi, ga shi kuma tana cin karo da hadda. Babu mace mai horarwa, shi ya sa 'yan matan da ke ajin ba su wuce huɗu ba, kuma ni kaina ban kai 'yata ba tukuna. Kuɗin wata yana da sauƙi, bai kai abin da nake kashewa a data ba, amma kuɗin jarrabawa daban ne, kuma sai ana saura kwana uku aka sanar da mu, lamarin da ya sa wasu iyaye biyu suka janye 'ya'yansu a wannan zagayen.

Duk da haka na sake biyan kuɗin wata uku. Wanda ke neman inda za a mayar masa da yaro gwanin faɗa cikin wata guda zai ji takaici a nan, amma ga yaro mai ragon zuciya ko mai zafinta, daga shekara 8 zuwa sama, ina ganin wurin ya cancanta, muddin uba zai riƙa zama yana kallo a makonnin farko, ya kuma zaɓi Alhamis da Juma'a maimakon Asabar. Mun yi magana da Masta a kan tabarmar, ya ce iyaye biyar sun yarda a yi karo-karo, kuma mahaifiyar yaron, wadda ta ƙi abin da farko, ita ce ta fara ba da nata.